Hajiya Tafireta da Awa Ɗayar Baban Biyu

Bakwai saura kwata take isowa, kullum. Ba ta bin babbar ƙofa. Ta baya take shigowa, ta gefen janareta, jaka a kafaɗa, filas ɗin shayi a hannu. Abin da ake kira ofishinta wani lungu ne tsakanin ɗakin ajiyar magani da ƙarƙashin matakala: tebur ɗaya, kujera mai karyayyen hannu, da tagar da ba ta ƙara buɗuwa ba tun ranar da aka yi mata fenti. Kafin ta zuba shayi sai ta kunna kwamfuta ta aika wa kowane ofis gayyatar taro. Taron babu shi. Sunansa Gwaji, lokacinsa sha biyun rana. Daga nan ta ɗauki ɗan littafinta mai baƙin bango ta shiga zagaye, ɗaki ɗaki, tana leƙa fuskar kowace kwamfuta ta ga yadda gayyatar ta sauka. Ta hau kalanda? A ranar da ya kamata? Sha biyun ta nuna? Akwai wurin danna amsa ko babu? In komai daidai ne ta ja ɗan layi a littafin ta wuce. In ba daidai ba ne ta ce wa mai kujerar, "Ɗan tashi, ɗana," ta zauna.

Shekara tara tana wannan zagayen. Shekara talatin da ɗaya tana aiki a cibiyarmu ta wankin ƙoda. Da buga takardu ta shigo, lokacin tafireta, shi ya sa har yau a bayan idonta Hajiya Tafireta muke ce mata, kuma ta sani. Ranar Juma'ar nan za ta ajiye aiki.

Ni shugaban direbobin cibiyar ne. A aji huɗu na firamare karatuna ya tsaya, kuma yabon mutum ba sana'ata ba ce. Wanda ya yi aikinsa ya yi abin da aka ɗauke shi ya yi, haka nake gani. Amma akwai abin da matar nan ta yi a gabana wanda har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi, kuma in ta tafi ban faɗa ba na ci amanar kaina.

Sai na fara da yadda aikinmu yake, don wanda bai sani ba. Injin wankin ƙoda takwas gare mu. Kowane majinyaci awa huɗu yake yi a kan inji, in ya sauka wani ya hau. In lokacinka ya yi ba ka nan, ba a barin inji ya zauna banza, na bayanka ake ɗorawa, kai kuma sai an samu gurbi, wataƙila gobe, wataƙila jibi. Mai ciwon ƙoda kuwa jibi ba kusa ba ce a wurinsa. Mu direbobi biyar, da motoci uku, mu ke ɗauko waɗanda ba su da ƙarfin zuwa da kansu. Jadawalin kullum yana manne a bangon ɗakinmu, mun haddace shi. Amma in aka canja wa majinyaci lokaci, ko aka kawo sabo, Babbar Nas gayyata take turowa daga kwamfutarta ta hau kalandar direbobi: wane, unguwa kaza, ƙarfe kaza. Abin da kalanda ta nuna shi direba ke bi.

To wannan kalandar da gayyatocinta su ne gonar Hajiya. Ba wanda ya ba ta aikin a rubuce. Da aka kawo kwamfutoci aka kwashe tafiretoci, an zaci za ta zauna jiran fansho. Sai ta koya da kanta, tana tambaya, tana ɓatawa, tana gyarawa, har ya zama duk wanda kalandarsa ta rikice ba ya kiran kamfani, lungun matakala yake nufa.

Babbar Nas ta ba ni labarin wani likita da ya zo aiki sabo. Mako guda kalandarsa fara fat, har ya fara cewa ana yi masa ƙiyayya, ba a sa shi a taro. Ya rubuta ƙorafi shafi biyu. Hajiya ta zauna a kujerarsa, ta duba gefen hagu, ta danna wani ɗan akwati guda da ya cire wa alama da kansa bai sani ba. Taro goma sha ɗaya suka zubo a fuskar kwamfutar. Ta tashi ta ce, "Likita, ga masoyanka sun iso," ta fita. Mutumin ɗakin gwajin jini kuma ya ce shi gayyata ba ta hawa masa kalanda sam, sai ta zo a maƙale da saƙo, in ya buɗe ya ga rubutun aljanu. Kwana uku tana komawa wurinsa har ta gano kwamfutar ta manta da wace manhaja za ta buɗe irin wannan abu. Matar da ke share ɗakin taro ita ma tana da nata: sau huɗu tana jera kujeru talatin don taron da aka soke, saboda sokewar ba ta isa kwamfutar sakatare ba. Ba wanda ya damu da bayan mai shara. Hajiya ta damu.

Ni duk wannan bai taɓa burge ni ba. Gaskiya zan faɗa. A wurina mata ce da ke yawo da littafi tana leƙa kafaɗar mutane. A watan sha ɗaya na bara aka kawo kwamfutoci na kyauta daga waje, aka ba ɗakin direbobi guda, muka jona ta da kanmu, wani direba ya shigar da kalandar, ta kama aiki. Bayan kwana biyu sai ga Hajiya a bakin ƙofa.

"Shugaba, na ji kun zama 'yan boko. Bari in sa ta a littafina."

Na ce, "Hajiya, nan ɗakin direbobi ne. Mu ba taro muke yi ba, tuƙi muke yi."

"Ai ba kwana zan yi ba. Minti biyar."

"Lafiyarta ƙalau. Ranar da ta yi tari zan aiko miki."

Ta ƙara dawowa sau ɗaya, na ƙara tare ƙofa. Ta ce, "To, Allah ya ba ta lafiya," ta tafi. Kwamfutarmu ce kaɗai a gidan nan da Gwaji ba ya zuwa mata, kuma har alfahari nake yi da hakan.

Yanzu Baban Biyu. Shi ne babba a cikinmu, shekara ashirin da huɗu yana riƙe da sitiyarin cibiyar. Shi ya koya mini shiga da doguwar mota da baya ta ƙofar asibiti ba tare da na goge bango ba. Mutum ne da majinyata ke saita agogonsu da hon ɗinsa. Sauranmu muna da manyan wayoyi, gayyata na shigo mana a aljihu. Shi ƙaramar waya gare shi mai maɓallai, ɗaure da roba, ya ce ta ishe shi. Saboda haka shi kaɗai ne ke karanta canjin lokaci a kwamfutar ɗakinmu. Safe da yamma zai tsaya a gabanta, hannu a baya kamar mai gaida surukai, ya karanta, ya tafi.

A farkon watan huɗu ya makara. Sabuwar majinyaciya, an ce bakwai, ya je takwas. Ya ce takwas ya gani. Babbar Nas ta juyo masa da fuskar kwamfutarta: bakwai. Muka ce tsautsayi ne. Bayan mako biyu aka ce goma, ya je sha ɗaya. Ya rantse sha ɗaya ya gani.

Za ku ce me ya hana a duba kwamfutar ɗakinmu. Ba abin dubawa. Ina da al'ada tun zamanin allo da alli: aikin da aka gama a goge shi. Kullum kafin in tashi sai in share duk abin da ya wuce a kalandar direbobi, in bar ta fes, ban ma tsaya karanta lokutan ba. Kafin washegari a zauna maganar, babu komai a wurin. Sai ya zama bakin tsoho a gefe guda, kwamfutar Babbar Nas a gefe guda. Kowa ya san wanda aka gaskata.

Na ukun shi ne ya yi muni. Akwai wani tsohon malamin makaranta da Baban Biyu ya shekara uku yana ɗauka, har suna kiran juna ɗan'uwa. Aka mayar da shi daga yamma zuwa shida na safe. Baban Biyu ya isa bakwai. Kafin su zo an ɗora wani a injin. Ba a samu gurbi ba ranar. Washegari da hantsi aka kawo malamin a kumbure, numfashi na fita da ƙyar, sai da ya kwana biyu a ɗakin kulawa ta musamman. Matarsa ta tare Baban Biyu a bakin get, ta riƙe ƙofar mota, a gaban masu gadi da masu jiran ganin likita.

"Malam, shekara uku yana ce maka ɗan'uwa. Tun biyar da rabi na zaunar da shi a kujera da takalmi a ƙafa. Barcinka ya fi ransa? In ya tafi, kai da Allah."

Ya bari ta gama, ya rufe ƙofa a hankali.

Manajan cibiyar ya ce in rubuto rahoto. Na rubuta. Na ce Baban Biyu mutumin kirki ne amma shekaru sun zo, idonsa ya fara ja da baya, ba ya ganin lamba daidai, kuma bai kamata a bar ran majinyata a hannunsa ba. Na sa hannu. Ban ji komai ba lokacin, aiki na ɗauka nake yi. Aka sa ranar zama a kansa, Talata ƙarfe goma, aka tura gayyata. Kowa ya san zaman na sallama ne, kuma sallama a kan sakaci. Direban da aka kora da sunan makanta da sakaci babu mai ƙara miƙa masa makulli, ko na babur.

Ranar Talata muka zauna: Manaja, Babbar Nas, ni, da Hajiya a ƙarshen tebur, don har yanzu ita ake kira ta ɗauki bayanin zama, babu mai saurin yatsunta. Goma ta yi, babu Baban Biyu. Goma da kwata. Da rabi. Manaja ya hana a kira shi a waya, ya ce a bari a gani. Sha ɗaya saura biyar aka yi sallama. Ya shigo cikin fararen kaya da suka sha guga, da hularsa ta zuwa ɗaurin aure, da wata takarda a ninke a hannu.

Manaja ya jingina da kujera ya ce, "Baba, ka sauƙaƙa mana aiki. Zaman da aka kira don makararka, shi ma ka makara."

Baban Biyu ya dubi agogon bango, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Sai ya buɗe tafin hannunsa na hagu ya miƙo. Da biro ya rubuta 11 a ciki, manya-manya.

"Ranka ya daɗe, sau uku na karanta. Na rubuta a hannu don kada kaina ya sake yaudarata. Tun tara ina zaune a mota bayan gini, ina jira lokaci ya yi." Ya ajiye takardar a tebur. "Wannan daga asibitin ido ne. Na kai kaina. Sun ce idona lafiya. To in ba ido ba ne, ban san mene ne ba."

Manaja ya jawo takardar sallama. Har ya cire murfin biro. Sai muka ji ƙarar maɓallai ta tsaya a ƙarshen tebur.

"Malam, a ina ka karanta sha ɗayan?"

"A kwamfutar ɗakinmu, Hajiya."

"Manaja, ɗan dakata da biron nan." Ta jawo rahotona ta sa yatsa. "Bakwai, ya je takwas. Goma, ya je sha ɗaya. Shida, ya je bakwai. Yau goma, ya zo sha ɗaya. Ni ban taɓa ganin ciwon ido mai tsari haka ba. Ko sau ɗaya bai yi sammako da kuskure ba? Ko sau ɗaya bai makara da rabin awa ba? Shugaba, gayyatar yau, ka share ta?"

Na ce sai yamma nake sharewa.

"To ku taso."

Manaja ya ce, "Hajiya, bayanin zama aka kira ki ki ɗauka."

"Shi nake ɗauka, ɗana. Ba zan buga abin da ban gani ba."

Haka muka bi ta a layi, muka ratsa ɗakin jira, muka sauka bayan gini. Ɗakinmu benci biyu ne, da tayoyin ko-ta-kwana jingine a kusurwa, da allon rataye makullai, da butar lantarki, da kwamfutar a kan tebur kusa da taga. A bakin ƙofa ta tsaya ta dube ni.

"Shugaba, in shigo?"

Na matsa gefe.

Ta zauna, ta buɗe kalanda. Ga gayyatar nan, Talata, zama a ofishin Manaja. Ƙarfe sha ɗaya. Manaja ya zaro wayarsa ya buɗe gayyatar da shi da kansa ya tura: goma. Ya kai wayar kusa da fuskar kwamfutar, yana duba wannan yana duba waccan. Gayyata ɗaya, lokaci biyu. Na dubi agogon da ke kusurwar kwamfutar, sha ɗaya da minti goma sha biyu. Na dubi na bango, sha ɗaya da minti goma sha biyu. Na ce, "To ai agogonta daidai yake."

Ta ce, "Shi ne abin da ya ba ni tsoro."

Ta sa Babbar Nas ta turo gayyata daga wayarta, sha biyun rana. Muna tsaye ta faɗo a kan ƙarfe ɗaya. Babbar Nas ta kama baki. Hajiya ta shiga wani wuri a cikin saitin kwamfutar, ta duba, sannan ta juyo ta yi mana bayani kamar mai koyar da dafa shayi. Ta ce kowace kwamfuta sai an gaya mata a wane yanki na duniya take zaune. Wannan har yanzu tana ganin tana can ƙasar da aka kawo ta daga ciki. Wata biyar a shekara lokacinsu da namu ɗaya ne, shi ya sa tun watan sha ɗaya ba a ga komai ba. Amma su can, a ƙarshen watan uku, sukan tura agogonsu gaba da awa ɗaya. Kwamfutar ta bi su. Tun daga ranar, duk gayyatar da ta shigo sai ta fassara ta da lokacin can, ta ƙara mata awa.

Manaja ya ce, "To da agogon ma ya tafi gaba, da an gani."

"Ya tafi. Wani ya dawo da shi da hannu. Ga shi, an kashe wurin da yake saita kansa." Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma dubi kowa ba. "Wa ya gyara agogon nan?"

Sai na tuna. Wata Litinin ce, ƙarshen watan uku. Na shigo da safe na ga agogon kwamfuta ya ce takwas, na bango ya ce bakwai. Na ce wannan kuma sai an kira wata mai littafi? Na yi ta dannawa, ya ƙi, na kashe wani abu, ya yarda, na mayar da shi bakwai. Har na ce wa direbobin, kun ga, ba sai da digiri ba. Na manta da zancen tun ranar.

Na ce, "Ni ne."

Ta gyaɗa kai. "Da ka bar shi yana ƙarya, da kowa ya ga ƙaryar a ranar. Ka gyara mata fuska, cikin yana nan."

Baban Biyu ya zauna a kan taya. Ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Abin da ya faɗa shi ne ya fi komai yi mini nauyi, don ba faɗa ya yi ba.

"Na fara yarda da ku. Na ce wa uwar biyu kaina ne ya fara taɓuwa. Mako uku ke nan ban ɗauki jikokina a babur ba, ina tsoro."

Mutumin da ya koya mini tuƙin motar asibiti. Da hannuna na karkatar da lokacin, da hannuna na goge shaidarsa kullum yamma, da hannuna na rubuta cewa ya makance. Kuma ko sau ɗaya a wata biyu ban ce masa zo ka nuna mini abin da ka gani ba.

Na ce, "Hajiya, gyara ta yanzu." Ta ce a'a. A nan ne na san aikinta ba leƙen kafaɗa ba ne. Ta ce in ta gyara yanzu, duk tsofaffin gayyatocin za su koma nuna lokacin gaskiya, shaidar bawan Allah ta tafi ke nan, gobe wani ya ce ai ba a tabbatar ba. Ta shiga inda abubuwan da na share suke taruwa, wurin da ban ma san da shi ba, ta tono guda ukun. Takwas. Sha ɗaya. Bakwai. Ta sa Manaja ya karanta kowace da bakinsa, ta sa Babbar Nas ta ɗauki hoto, ta buga su a takarda. Sai bayan nan ta gyara. Gyaran bai kai minti biyu ba. Kuma kafin ta taɓa komai ta riga ta duba na gaba: akwai wata mata da za a ɗauko shida na safen Laraba, kwamfutar na nuna bakwai, kuma layin Baban Biyu ne.

Manaja ya yage takardar sallama ya ce, "To alhamdu lillahi, an gano. Kowa ya koma bakin aiki."

Ta ce, "Ba a gama ba. Akwai takardu uku a fayil ɗinsa da suka ce ba ya gani. Akwai wata mata a gari da ke ganin barci ya hana shi ɗaukar mijinta. Yaga takarda ɗaya ba ta wanke wannan."

Manaja ya juyo kaina, ya ce to ai ga mai laifi. Ban musa ba. Amma ta ce, "In za a rubuta suna a sa nawa a sama. Wata bakwai kwamfuta na aiki a gidan nan ba ta cikin littafina. An tare mini ƙofa sau biyu, na yi zuciya na haƙura. Da na kawo maka ƙara tun lokacin, da malamin nan bai kwanta ba." Na tsaya ina kallonta. Ni na kore ta, ita ke ɗaukar rabin kayana. Ba wanda zai taɓa tuhumarta, saura mata 'yan watanni ta tafi da suna mai tsabta, amma da yatsunta ta buga wannan layin a cikin bayanin zama. An ba ni gargaɗi a rubuce, kuma na cancanta.

Da yamma ta ce in kawo mota. Mu uku muka je gidan malamin. Yana kwance a falo, ƙafafu a kan matashi. Matar ta ga Baban Biyu ta ɗaure fuska, ba ta ba shi wurin zama ba. Hajiya ba ta yi mata dogon turanci ba. Ta shimfiɗa takardun a kan tebur ta ce, "'Yar'uwa, ga abin da aka tura, ga abin da mutumin nan ya gani. Shida aka rubuta, bakwai aka nuna masa. A lokacin da aka nuna masa ya zo, ko minti bai ƙara ba." Ni kuma na faɗi nawa, ban rage komai ba. Matar ta daɗe tana kallon takardun. Malamin ne ya fara magana daga kwance, ya ce, "Na gaya miki ɗan'uwana ba ya makara." Ta shiga ciki ta fito da kujera ta ajiye a gaban Baban Biyu. Ni a tsaye na gama ziyarar, kuma daidai ne.

Kada wani ya zaci komai ya koma yadda yake. Baban Biyu yana gaishe ni, ina gaishe shi. Da, in na shigo, "Yaron mota, ka iso?" yake ce mini. Yanzu Shugaba yake cewa. Na ba shi haƙuri sau biyu, ya ce ya wuce. Na san bai gama wucewa ba, kuma ba kwamfuta ce za ta gyara wannan ba.

Hajiya, ke ce kika tsayar da biro a hannun mai iko ba tare da kin ɗaga murya ba. Ke ce kika ƙirga kuskuren mutum kika ga ba nasa ba ne, alhali mu da muka shekara ashirin muna shan shayi da shi ba mu ƙirga ba. Ke ce mai lungun matakala da ba a taɓa kiran sunanta a taron ƙarshen shekara ba, saboda aikinki in ya yi kyau ba a ganinsa: mutum ya zo a kan lokaci, inji ya tashi, majinyaci ya koma gida, ba wanda ya san da hannunki a ciki. Ni kaina sai da na kusa kashe wa mutum rayuwa sannan na gani. Sau nawa kika tare irin wannan a ofisoshin da suka bar ki kika shiga? Ba wanda ya sani, ke ma na tabbata ba ki ƙirga ba.

Na gode, Hajiya. Na gode a madadin direbobi biyar, da uwar biyu, da jikokin da aka koma ɗauka a babur. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya ƙara miki lafiya, ya sa 'ya'yanki su samu mai tsaya musu yadda kika tsaya wa wanda ba danginki ba.

Ku kuma masu kujera, manya da ƙanana irina, magana ɗaya gare ni. In wanda kuka sani da gaskiya ya ce muku abu kaza ya gani, ku tashi ku je ku duba kafin ku ce idonsa ne. Daga ofishin Manaja zuwa ɗakinmu taku sittin ne, na ƙirga daga baya. Wata biyu ba wanda ya yi takun nan sai mace mai ciwon gwiwa da saura mata 'yan watanni ta bar aiki. Wanda zai gaje ta ya gaji wannan, ba kujerar kaɗai ba.

Baban Biyu yana bakin aiki, fayil ɗinsa fes. An ƙara canja wa malamin lokaci makon jiya, ya faɗa layin wani direba. Matar ta bugo wa Babbar Nas waya da kanta. Ta ce a yi haƙuri a juya jadawalin, mijinta ba ya shiga motar kowa sai ta ɗan'uwansa.